Da Fensir a Ɗakin Kara

"Littafin nan naka ba za ka buɗe shi a titi ba sai mun je mun gaida mai unguwa." Da wannan magana mai masaukina ya tarbe ni a Katsina, tun ƙurar hanyar Bichi da Kankiya ba ta bar gashin girata ba. Abokina ne tun muna makarantar kwana, yanzu koyarwa yake yi a wata sakandare, gidansu na gado kuma yana can cikin birni wajen Masanawa. Ya san halina sarai. Duk inda na sa ƙafa, jakata ba ta rabo da littafin zane, da fensirori, da rezar fiƙe su, da alƙalamin tawada, da wani ɗan akwatin launin ruwa da bai wuce tafin hannu ba. Abincina a lissafin kuɗi yake, a wani kamfani a Kano. Zane kuwa jaraba ce da ta kama ni tun ina yaro a Haɗejiya, lokacin da muke ɓata wa mutane bango da gawayi, muna zana motar katako da jirgin sama.

Irin zanen da nake yi ba na ɗaki ba ne. Ba na ɗaukar abu a waya in koma gida in kwaikwaya. Gabansa nake zama, ko rana ko inuwa, in zana shi yadda idona ya gan shi a wannan sa'ar, har da mai babur ɗin da ya gitta da akuyar da ta kwanta a gindinsa. A ƙasashen waje masu wannan sha'awa har ƙungiya gare su, Urban Sketchers, wadda wani ɗan jarida mai zane ɗan asalin Sifen, Gabriel Campanario, ya assasa a birnin Siyatil na Amurka a 2007. Sukan fita gungu-gungu ranar hutu, kowa da 'yar kujerarsa, su zauna bakin titi babu mai ce musu kanzil. A nan wajenmu kai kaɗai ne, kuma kafin ka ja layi na farko an riga an tambaye ka sau uku wanda ya aiko ka.

Tambayar ba ta banza ba ce. Jihar Katsina ta ɗanɗana kuɗarta a hannun 'yan bindiga, musamman ƙananan hukumomin da ke gefen dajin Rugu, su Jibiya da Batsari da Safana da Ɗanmusa, kuma cikin birni cike yake da mutanen da suka baro ƙauyukansu saboda wannan masifa. A irin wannan gari, baƙon fuska da ya zauna yana kallon ƙofar gida yana rubuce-rubuce, sunansa infoma har sai an tabbatar da akasin haka. Saboda haka bayan la'asar muka tafi.

Mai unguwa dattijo ne siriri, yana zaune a zaurensa kan buzu, ga rediyo a gefe. Bayan doguwar gaisuwa abokina ya yi bayani, ni kuma na miƙa littafin da hannu biyu. Ya ɗauki lokaci yana buɗawa. Ya tsaya a kan marinar Ƙofar Mata, ya tsaya a kan Dutsen Dala, ya kawo shafin kusa da idonsa.

"To, yaro, wa ya sa ka wanga aiki?"

"Babu kowa, ranka ya daɗe."

"Nawa ake biyan ka?"

"Ba a biya na, Baba. Ni ke sayen takardar ma."

Ya dubi abokina ya ce, "Ɗan ina ne?" Da ya ji Bahaɗeje ne sai ya kwashe da dariya har da tafa hannu, ya ce ai shi ke nan, babu sauran bincike, aikin da ba riba dama sai mutanen Haɗejiya, kifi ya riga ya cinye musu wayo. Na ce, "Baba, mu dai mun zo ne mu zana muku garin kafin ku gama rushe shi." Wasan da ke tsakanin Katsinawa da Haɗejawa ya yi mini abin da takardar ofis ba za ta yi ba. Ya haɗa ni da wani jikansa ɗan shekara goma sha, ya ce ya riƙa bi na duk inda za ni cikin birni, domin baƙo ko da ido makaho ne.

Gobarau na fara nufa da sassafe. Lokacin hunturu ne, hazo ya sauko ƙwarai, sama da ƙasa da hasumiyar duk sun zama launi ɗaya. Wanda bai taɓa zane ba zai ɗauka wannan sauƙi ne, alhali shi ne wahalar. Inuwa ce ke fitar da siffar gini a takarda, ranar hunturu kuwa ba ta yin inuwar kirki sai hantsi ya ɗaga. Sai na zauna kan wani dakali ina jira, hannuwana cikin aljihu. Mai zane da mai fatsa a bakin kogin Haɗejiya aikinsu ɗaya: yawancinsa zama ne da zuba ido.

Tsayin hasumiyar kimanin ƙafa 50 ne, wato wajen mita 15, hawa-hawa, kowane hawa ya fi na ƙasansa tsukewa. Ana danganta ta da zamanin Sarki Muhammadu Korau, wanda ake cewa shi ne sarkin Katsina Musulmi na farko, kuma ita ce abin da ya saura daga babban masallacin Juma'ar gari na wancan lokaci. A nan aka ci gaba da Juma'a har bayan jihadi, lokacin da Ummarun Dallaje ya gina wani masallacin. Jikan mai unguwa ya ba ni labarin da kowane yaron unguwar ya haddace, cewa da malamai suka yi gardama kan alƙibla wajen ginin, wani bawan Allah ya nuna gabas da sandarsa, jama'a suka hango Ka'aba ƙuru-ƙuru. Yana faɗa yana nuna mini wajen da hannu, babu alamar shakka a fuskarsa.

Da inuwa ta fara fitowa sai na miƙe hannu da fensir a tsaye, na rufe ido ɗaya. Haka ake awo: ka daidaita bakin fensir da ƙololuwar gini, ka sa babban yatsa inda hawan farko ya ƙare, sannan ka ga sau nawa wannan tsayi zai shiga cikin faɗin gindin. Kafin in sauke hannu yara sun kewaye ni, 'yan makarantar allo da masu tallan ƙosai, kusan kowannensu ya tsinci kara ya miƙe hannu ya kanne ido ɗaya. Wani ya ce, "Malam, mi kake aunawa?" Wani ya ba shi amsa cewa injiniya ne, gwamnati za ta sa mata siminti. Na yi maza na ƙaryata, kada maganar ta riga ni isa gida.

Abin da Gobarau ta koya wa hannuna shi ne katangar ƙasa ba ta san rula ba. A Kano nakan zana benayen kankare, layi ya sauko sambal daga sama har ƙasa. A nan babu layi ɗaya miƙaƙƙe. Bangon ya fi kauri a gindi, yana jingina baya kaɗan yayin da yake hawa, kusurwoyinsa ruwan damina ya lashe su sun yi laushi, kuma in ka matso za ka ga sawun tafin masu yaɓe, wani kan wani, na bana kan na shekarun baya. In ka ja layin da ƙarfin hali ya fito a miƙe, ka zana tankin ruwa ne, ba Gobarau ba. Dole ka saki wuyan hannu, ka bar fensir ya ɗan yi rawa. Launi ma da nasa rikicin. Iskar hunturu tana busar da ruwan buroshi kafin ya kai takarda, takardar kuma tana nannaɗewa. Na haɗa ja da ruwan ɗorawa da ɗan baƙi ban samu launin bangon ba, sai na ɗebi 'yar ƙasar da ta zubo a gindin katangar unguwa, na jiƙa ta a murfin gora, na shafa da yatsa. Ya fito daidai. Yaran suka yi ta shewa, wai Malam yana yi wa littafi yaɓe.

Wani matashi da ya daɗe tsaye a bayana, waya a hannu, ya ɗauki hasumiyar ƙyas, ya nuna mini ya ce, "Ga shi na gama, kai tun safe kana nan." Gaskiyarsa. Na roƙe shi ya juya mata baya ya faɗa mini tagoginta nawa ne ta wannan fuska, kuma ta ina matakala ta hau. A unguwar aka haife shi, amma sai da ya waiga. Ba don in kunyata shi na yi ba, kowa haka yake da abin da ya saba gani. Hoton waya yana ajiye abu a waya, zane kuwa sai abin ya bi ta kanka kafin ya isa takarda, shi ya sa yake cin lokaci.

Bayan azahar, muna fitowa daga wani ƙaramin masallaci, aka ce Malam yana kira. Makarantar allo ce a wani zaure mai duhu, alluna jingine a bango. Malamin ya tsufa, gemunsa fari fat, kuma abin da ke kan cinyarsa ya sa na manta da gajiya. Zayyana yake yi wa allon wani ɗalibi mai shirin sauka. Ga alƙaluman gamba a jere, kowanne da kaurin bakinsa, ga tawadar gawayi da ƙaro, ga ja da kore da ruwan ɗorawa a 'yan kwalabe. Babu rula, babu komai sai wani murfin gwangwani da yake kewayawa in yana son da'ira. Layukan suna shiga juna suna fita, ba inda ɗaya ya ɓace. Na ce a raina, ga wanda ya fi ni sanin aikin, shi dai ba a kiransa mai zane ne kawai.

Ya karɓi littafina. Gine-ginen sun burge shi, ya yaba hannun. Da ya iso shafukan da na zana mutane a kasuwar Kurmi sai ya yi shiru, ya rufe littafin a kan yatsarsa.

"Ɗana, ka san abin da aka ce kan masu sura?"

Na ce na sani, Allah gafarta Malam, amma ina son in ƙara ji daga bakinsa.

Ya kawo hadisin da ke cikin Bukhari da Muslim kan azabar masu yin surar abu mai rai, da yadda za a ce musu su rayar da abin da suka ƙera. Ya kawo labarin mutumin da ya zo wa Ibn Abbas ya ce da wannan sana'a yake ci, Ibn Abbas ya ce masa in ba makawa sai ya yi, to ya yi itatuwa da abin da ba shi da rai. Sannan ya ce malaman Malikiyya sun rarrabe: abin da suka haramta kai tsaye shi ne sura mai jiki, wadda take da inuwa, mai cikakkun gaɓoɓi, irin gunki. Ta kan takarda ko bango, wadda ba ta da inuwa, karhanci suka ba ta, ba haramci ba. Wasu mazhabobin kuma sun tsananta fiye da haka. Wani babban ɗalibinsa da ke zaune bakin ƙofa bai gamsu ba, ya ce shi abin da ya karanta, sura sura ce, ko a takarda ko a dutse. Malam bai ɗaga murya ba. Ya ce masa, "To ciro kuɗin aljihunka ka zubar, akwai kawunan mutane a jiki." Aka yi dariya, ɗalibin ma ya murmusa, amma bai janye ba, kuma ban ga laifinsa ba, domin akwai manyan malamai a bayan maganarsa. Da zan tashi Malam ya ce, "Ni dai shawarata, fita daga saɓani ya fi. Ga gine-gine nan, ga itace, ga dawaki ma in ka bar su ba ido. Mi ya kai ka fuskar mutane?"

Ni ba malami ba ne, ban kuma je Katsina don in ci gardama ba. Abin da na daɗe ina yi, tun kafin wannan zama, shi ne ba na cika fuska. Yawancin mutanen littafina ta baya na zana su, ko ta gefe, ko kuma fuskar fili ce kawai ƙarƙashin hula. Kuma mutumin ƙasar nan ba a fuska kaɗai ake gane shi ba. Yadda ya karya hula, yadda ya tattare hannun babbar riga ya aza a kafaɗa, yadda dattijo ke riƙe hannuwansa a baya da carbi yana lilo, yadda mai kurkura ke zama a karkace ƙafa ɗaya a waje yana jiran fasinja, waɗannan sun isa. Na zana mai unguwa ta baya yana tafiya masallaci, jikansa na gani ya ce, "Wallahi Baba ne."

A Ƙofar Soro, ƙofar fadar Sarkin Katsina, sai da aka nemo mini izini wurin wani babba cikin dogarai kafin in zauna. Gidan Korau ake kiran fadar, gabanta ga filin Kangiwa inda ake hawan salla. Dogari abokin mai zane ne: ja da koren rigarsa ana hango su daga nesa, ga rawani, ga shi ya iya tsayuwa wuri ɗaya ba motsi. Wanda na zana ya lura da ni tun farko, sai ya ƙara gyara tsayuwa yana kallon gabansa, wai shi bai san ana yi ba. Da na gama ya aiko yaro ya karɓo littafin, ya duba, ya ce rawanin ya yi, amma in ƙara wa sandar tsawo. Dawaki kuwa sun fi ƙarfin mai gaggawa. Gidan sarautar nan gidan doki ne tun Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi mulki daga 1906 zuwa 1944, da ɗansa Usman Nagogo da duniya ta sani a wasan folo. Wani bafade ya fito da ingarma za a kai shi kilisa, na samu wuyansa da gindinsa a layi biyar ko shida, kafin in kai ga ƙafafu sun sha kwana.

Ƙofofin gari na bi su a kurkura, kuma a nan raina ya ɓaci. Sunayen suna nan daram: Ƙofar Ƙaura, Ƙofar Ƙwaya, Ƙofar Marusa, Ƙofar Durɓi, Ƙofar Sauri, Ƙofar Guga, da Ƙofar 'Yanɗaka wadda ta nan Turawa suka shigo a 1903. Amma yawancinsu an sake su da siminti, an buɗa su don manyan motoci, an shafa fenti. Ba na cewa kada a faɗaɗa hanya, gari yana girma. Sai dai mai zane ba ya samun abin kamawa a jikinsu, minti kaɗan ka gama, duk kusan kamarsu ɗaya. Ganuwar kuwa sai ka yi tambaya kafin a nuna maka guntunta a bayan gidaje, wani wuri an ɗebe ƙasarta an yi gini, wani wuri ta zama juji. Bajamushen nan matafiyi, Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasar Hausa da sunan Abdulkarim, ya iso Katsina a 1851, ya kuma ƙiyasta kewayen ganuwar da mil 13 zuwa 14. Shi ma da littafi da fensir yake tafe yana zana abin da ya gani, shi ma sai da sarkin lokacin, Muhammadu Bello, ya tsare shi kwanaki kafin ya sallame shi. Ashe tambayar mai unguwa tsohuwa ce a garin. Na zauna gaban wani guntun ganuwa da bai fi tsayin mutum biyu ba, bishiyar darbejiya ta tsiro a kansa, na ba shi shafi biyu cur.

Tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda yanzu gidan adana kayan tarihi ce, ta ɗan wanke mini zuciya. Gwamna Hugh Clifford ne ya buɗe ta a 1922, nan Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, kafin a mayar da ita Kaduna a 1938, daga baya ta koma Zariya ta zama Kwalejin Barewa. Jan gini ne na ƙasa, dogo, mai kaurin bango da ƙananan tagogi. Da tsakar rana na shiga wani ɗaki na ji sanyi ya ratsa ni, babu fanka babu komai. A nan na gama zanen, ina leƙen farfajiya ta ƙofa.

Da dare teburin mai shayi ne ofishina, can wajen Ƙofar Ƙaura. Babu inda ya fi shi daɗin zana mutane, saboda kowa ya zauna, hannunsa da kofi, bakinsa da siyasa. Hasken ƙwai ɗaya ne a rataye, shi ya sa rabin kowane mutum duhu ne, sai in ajiye fensir in ɗauki tawada. Mai shayin kansa ya fi kowa wuya, hannunsa ba ya tsayawa: ya ɗaga kofi sama ya tsiyayo, ya fasa ƙwai, ya yanka burodi. Dabarar ita ce ka lura da motsin da yake maimaitawa, ka jira ya dawo kansa, duk dawowa ka ƙara layi ɗaya. Kafin a tashi littafin ya zaga hannu ya kai goma, wani da maiƙo a yatsa. Wani Alhaji mai tumbi ya ce lallai sai na yage nasa na ba shi, amma in rage cikin tukuna, don amarya zai kai wa. Ba na son yage shafi, yana kwance ɗinkin littafi, na fi so in ɗauka a waya in tura wa mutum ta WhatsApp. Shi kam bai yarda ba, ya biya mini shayi da ƙwai uku, na yaga. Cikin dai ban rage ba.

Mata ba na zana su sai da yardarsu, kuma yawanci ba na ma tambaya. Sau ɗaya na gwada, wurin wata dattijuwa Bafulatana mai fura a bakin 'Yar Kutungu. Na ce, "Inna, ko kin yarda in zana ki?" Ta ja mayafi ta ce ko mijinta ba shi da hotonta, balle wani ɗan birni. Amma ta tura mini ƙwaryar gabana ta ce in zana wannan in ina iyawa. Ƙwarya ce mai sassaƙa tun daga baki har gindi, ga faifai mai launi a kai, ga ludayi. Ta fi fuska wuya nesa ba kusa ba. Tana dama wa mutane fura tana leƙowa, in na tsallake wani zane sai ta sa farce ta nuna.

Daura na ƙarasa daga baya, ta hanyar Mashi, tafiyar kilomita wajen tamanin. Kowa ya san abin da ke kai baƙo can: rijiyar Kusugu, inda aka ce Bayajidda ya kashe macijiyar da ke hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, ya auri Magajiya Daurama, aka haifi Bawo, daga nan Hausa Bakwai. Yanzu an gina ɗaki an rufe rijiyar a ciki. Ga mai zane, gaskiya babu abin kirki da za a zana, rami ne mai ƙaramin baki da guga. Labarin ya fi wurin girma nesa. Sai na koma gefe na zana masu zuwa: wani tsoho da jarka, 'yan makaranta da malaminsu a layi, da mai kula da wurin yana jawo guga yana zuba wa kowa a hannu ya sha. An ce mini in ina son Daura a cike in dawo lokacin Sallar Gani, a watan Maulidi.

Abin da ya biya mini kuɗin motar Daura a wani lungu na same shi, bayan fada. Wani tsohon gida ne mai zankwaye a ka, da dagi a saman ƙofa wanda ruwa ya fara cinyewa, da indararo na ƙasa. A gefen ƙofar an jibge bulo na siminti, an rufe da tsohon buhu. Ina cikin zanen sai mai gidan ya fito da sanda. Magini ne, ɗan magini, idonsa ɗaya ya yi fari. Bai tambaye ni wanda ya aiko ni ba. Ya tsaya a kaina ya daɗe, sannan ya ce, "Waje kake zanawa. Aikin yana ciki. Taso."

Zauren daurin guga ne. Bakuna sun taso daga bango huɗu sun haɗu a tsakiya, an kafa wani tsohon kwanon tangaran a mahaɗarsu. Ya sa na zauna kan tabarma, ya riƙa nuna mini da sanda abin da ido ba ya gani. A cikin kowane baka akwai azara, wato giginya da aka tsaga, wadda gara ba ta ci. Azara ɗaya ba ta ɗaukar nauyin ƙasa in tazarar ta wuce ƙafa shida ko makamancin haka, saboda haka ake ɗaura su ɗaya kan ɗaya, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, daga wannan bango da wancan, har su gamu a sama, sannan a lulluɓe da ƙasa. Bangon tubali ne, an jera su tsaye masu tsini a sama. Waje kuma makuba ce, daga ɓawon ɗorawa, ita ke sa bango ya yi duhu ya ƙi ruwa. Rufi laso ake yi masa, katsin marina da gashin jima da dafara. Ya ce yanzu ko ka samu mai biyan aikin, ina za ka samu katsin, marinar ma nawa ta rage? Giginya kuwa sai an je nesa.

Na ce, "Baba, bulon da ke waje fa?"

Ya ce na 'ya'yansa ne. Suna so su sauke zauren su yi shago biyu da falo. Bai yi musu baki ba. Ya ce kowace shekara yaɓe sai ya ci kuɗi, shi ƙarfinsa ya ƙare, su kuma ba su koya ba, ɗaya direba ne, ɗaya yana sayar da waya a Kano. Ya dai ce musu su jira ya kwanta dama tukuna, su kuma suna ta tara bulo.

Zanen rufi daga ƙasa ba ƙaramin aiki ba ne. Wuya yana ƙagewa, layukan duk suna gudu zuwa wuri ɗaya, haske kuma daga ƙofa kaɗai yake shigowa. Sai na kishingiɗa na ɗora littafin a ƙirji. Ya aika aka kawo fura, ya zauna yana kora mini yara daga bakin ƙofa don kada su tare hasken. Da na gama ya karɓa ya fita da shi waje, ya kawo shi dab da idonsa mai gani, ya bi bakunan da yatsa yana ƙirgawa.

"Sun cika," in ji shi. "Mene ne wannan a ƙasa?"

Na ce sunana ne da kwanan wata, haka masu zane ke yi.

"To ai kai kwafa ka yi. Wanda ya gina shi ubana ne. Rubuta sunansa a sama da naka."

Ya faɗa mini sunan, ya ce da ajami yake so don ya iya karantawa. Na rubuta, na yi masa kwafi na biyu a wata takarda mai kauri, sannan na yi sallama na kama hanyar tasha da sauri, domin direbobin Kazaure ba sa son magariba ta same su a hanya.